Kaskar Icce A Garkar Mai Romaren

Cikin ƙwarin da ke ɓata wa manomi aiki, akwai masu zuwa da ganga, akwai masu zuwa da sanɗa. Fara tana sauka da rana tsaka, kowa ya gan ta, gari ya ɗauki kuwwa. Tsutsar zangarniya ma, wanda ya shiga gonar hatsi gab da kaka zai ga ɓarnarta. Amma akwai wani ƙwaro da ba ya tashi, ba ya tsalle, ba ya ko motsi. Yana manne a jikin reshe kamar ƙurjin da ya bushe. Mai garka sai ya wuce shi sau ɗari yana ban ruwa, yana tsammanin ɓawon iccen ne haka Allah ya yi shi. Ma'aikatan gona suna ce masa koshini, da faransanci ke nan. Wani dattijo mai garka a bakin Gulbin Maraɗi ya raɗa masa suna kaskar icce, kuma sunan ya zauna daidai, domin yadda kaska ke kafa baki a kunnen akuya tana shan jini, haka wannan ke kafa baki a jikin shuka yana shan ruwanta.

Dattijon nan ya yi shekaru da yawa a Yamai yana aikin ban ruwa a gidajen turawa. A can ya san wani ɗan icce da ake ce wa romaren. Ba iccen ƙasar Hausa ba ne. Asalinsa bakin tekun Bahar Rum ne, yana fitowa da kansa a duwatsun Maroko da Tunisiya da Ispaniya da kudancin Faransa. Tsawonsa bai cika wuce ƙugun mutum ba. Ganyensa siriri ne kamar allura, kore ta sama, fari-fari ta ƙasa, in an murza shi ƙanshinsa sai ya wuni a hannu. Ana sa shi a gashin nama da kifi, wasu kuma suna jefa shi cikin shayi. Ba a cika shuka shi da iri ba, reshe ake yankewa a dasa.

Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya komo gida da ƴan rassa huɗu cikin gwangwanin madara, ya naɗe su da jiƙaƙƙen buhu. Biyu suka mutu a hanya, biyu suka kama. Mutanen gari sun yi masa dariya sosai. Suka ce icce ba ƴaƴa, ba inuwa, ko akuya in ta sansana sai ta juya, me za a yi da shi? Shi dai bai tanka ba. A hankali masu dafa abinci na birni suka san da shi, suna aikowa a yankar musu. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, na goro da sabulu ne. Abin da ke riƙe da gidansa shi ne itatuwan lemun tsami goma sha biyu da ke gefen rijiya. Su ne rumbunsa na biyu. In bazara ta yi, hatsi ya ja ƙasa, da kuɗin lemun nan yake cika tukunya. Romaren kuwa abin so ne, kuma kowa ya san yadda tsoho ke riƙe abin da ya ɗauko daga ƙuruciyarsa.

Wata shekara, ƙarshen ɗari, ya lura ganyen babban romaren ɗin yana danƙo a hannu kamar an zuba masa ruwan sukari. Bayan ƴan kwanaki sai baƙi ya hau kansa, irin kunkunniyar ɗakin girki. Kiyashi kuma ya yi layi, masu hawa na hawa, masu sauka na sauka. Da farko ya ce darɓa ce, irin wadda ke kama gujiya da wake. Ya duba ƙarƙashin ganye bai ga ƙwarin darɓa ba. Da ganyen ya fara yin rawaya yana zuba, sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa safe da marece. Nan kuwa ya ƙara wa wuta mai, don romaren ɗan tsandauri ne, ba abin da ya ƙi kamar saiwarsa ta kwana cikin laka.

Jikarsa ce ta gano abin, yarinya mai kaifin ido da ke kawo masa fura. Tana wasa da reshe sai ta sa farce ta kankare wani ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa, girmansa bai kai ƙwayar dawa ba. Ta ce: «Kaka, wannan abin yana da ruwa a ciki.» Ya karɓa ya duba, ya ga inda ta murje ya jiƙe da wani ruwa rawaya-rawaya. Ya bi reshen da ido daga gindi har bisa, sai ga su jere, ɗaruruwa, wasu bisa wasu. Ya tashi ya nufi itatuwan lemu. Uku na kusa da shinge duk sun kamu, ƙwarin sun bi jijiyar tsakiyar ganye ta ƙasa sun yi sahu.

Wannan gwaji na farce shi ne abu na farko da ya kamata kowane mai garka ya riƙe. In an murje ƙullutun ya fid da ruwa, ƙwaron yana da rai. In ya fashe kamar ƙaiƙayi, busasshe, ya riga ya mutu, ɓawonsa ne kawai ya saura, kuma ɓawon yana iya zama manne wata da watanni. Mutane da yawa suna ta zuba magani a kan gawa, suna cewa maganin ba ya ci.

Masana sun ƙidaya wajen iri 8000 na wannan ƙwaro a duniya, amma mai garka zai iya kasa su uku. Akwai masu taurin ɓawo, ƙanana, shafaffu kamar ɓawon kifi, waɗanda in an ɗaga ɓawon ana ganin ƙwaron dabam a ƙarƙashi. Waɗannan ba su zubar da danƙo. Akwai masu taushin ɓawo, masu ɗan tudu, su ne masu danƙo, su ne suka kama garkar dattijon. Akwai kuma farare masu kama da an yayyafa kaɗa a reshe. Yawancin waɗanda ka gani manne, mata ne. Namijin ɗan mitsitsi ne mai fiffike, ba ya ko cin abinci, kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Wasu irin ma ba su bukatar namiji sam, macen tana hayayyafa ita kaɗai. Ƴaƴan suna fitowa daga ƙarƙashin uwar, ƙanana kamar garin masara, kuma su ne suka fi tafiya. Suna yawo na ɗan lokaci, iska ta kwashi wasu, wasu su bi ƙafar tsuntsu ko rigar mai ban ruwa, sa'an nan kowane ya kafa bakinsa ya fara gina ɓawonsa. A ƙasa mai zafi, cikin wata biyu ɗiya ta zama uwa. Lokacin da suke yawon nan tsirara suke, lokacin ne magani ke cin su da sauƙi.

Danƙon kuwa kashinsu ne. Ruwan icce yana da zaƙi, suna sha fiye da bukatarsu, sauran ya fita ta baya. Baƙin da ke hawa ganye wani irin fumfuna ne da ke cin wannan zaƙi. Ba ya shiga cikin ganyen, amma yana rufe masa rana, kuma ganyen da bai ga rana ba ba ya ciyar da icce. Saura kiyashi. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana. Kiyashi ya mai da ƙwarin nan shanunsa, yana tatsar zaƙin, yana kuma tsaron garken. Duk ƙwaron da ya zo cin kaskar icce, kiyashi ne ke fara tare shi. Saboda haka in ka ga kiyashi ya yi hanya a jikin lemu ko mangwaro, kada ka tsaya faɗa da shi kawai, bi shi ka ga inda yake zuwa.

Labari ya bazu cikin masu garka. Wani saurayi, maƙwabcinsa ta gabas, mai noman tumatir da kabewa, ya zo da kwalbar piya-piya da ya sayo ranar kasuwa. Yaro ne mai kirki, tsoro ne ya kawo shi, domin shi ma yana da lemu biyar a bayan shingen. Ya ce: «Baba, ka bari in fesa maka wannan yau, gobe ka wayi gari ba ko ɗaya. In ka tsaya sanya, har nawa za su ci.» Dattijon ya ce: «Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma ganyen nan cikin tukunyar mutane yake shiga. Wanda ya saya don ya yarda da ni ne.» Saurayin ya tafi ransa bai so ba, kwana da yawa gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki.

Gaskiya tana wajen tsohon, kuma ba ta fuskar ci kaɗai ba. Maganin da ke kashewa da taɓawa, yawancinsa bisa ɓawon yake tsayawa, uwar tana ƙarƙashi lafiya lau. Waɗanda yake kashewa nan take su ne abokan mai garka. Akwai wani ɗan ƙwaro mai kumburarren baya kamar an kife ƙaramar ƙwarya, wani ja da ɗigon baƙi, wani baƙi da ɗigon ja. Shi da tsutsarsa abincinsu ke nan, kaskar icce da darɓa. Akwai kuma wata ƴar zanzaro da ido ke gani da ƙyar, tana huda ɓawon ta sa ƙwanta a ciki, ɗanta ya cinye mai gidan ya fito. In ka ga ɓawo da ƴar ƙofa zagayayya a bisansa, aikinta ne. Wanda ya fesa guba mai ƙarfi ya kashe waɗannan, bayan wata biyu ƙwarin za su komo fiye da na da, ba mai tare su.

An ga haka a manyan ƙasashe tun da daɗewa. A jahar Kalifoniya ta Amurka, wata farar koshini da ta fito daga Ostareliya ta kusa kashe noman lemu ƙurmus. A 1888 aka je can ƙasar tata aka ɗebo ɗan ƙwaron nan mai kifaffen baya, irin wanda ya saba cin ta, aka sake shi cikin gonaki. Kafin shekara biyu annobar ta kwanta. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Aka zauna lafiya fiye da shekara hamsin. Da aka shigo da maganin DDT bayan 1945, manoma suka yi ta fesawa, ya kashe mai tsaron, koshini ta sake tashi kamar ba a taɓa yin maganinta ba. A nan Nijar ma an yi irin wannan aiki. Dabinon Ingal da na kwaruruwan Abzin yana fama da wata farar koshini mai taurin ɓawo, wadda ke rufe ganye har ya yi kamar an shafa masa toka. Cikin shekarun 1970 aka kawo wani ƙwaro ɗan asalin Iran, wanda aka riga aka gwada a dabinon Muritaniya, aka sake shi a can don ya ci ta. Rogo ma ya ga tasa. An fara ganin farin ƙwaronsa a yankin Kwango a 1973, ya bazu ƙasashe da yawa, har cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta saki wata ƴar zanzaro ta Amurka ta Kudu a 1981, ita ce ta ceci abincin miliyoyin mutane.

Dattijon bai san waɗannan labarai ba. Abin da ya sani shi ne abin da ya gani a Yamai, da abin da malamin gona ya ƙara masa da ya kai masa reshe cikin leda. Ga yadda ya yi.

Ya fara da wuƙa. Duk reshen da ƙwarin suka rufe ya yanke, ya tara cikin buhu don kada ƴaƴan su zube a hanya, ya kai bayan garka ya ƙone. Ba a jefa irin wannan cikin ramin taki. A jikin lemu yankan ba shi da wuya, lemu yana tohowa. Ya buɗe tsakiyar itatuwan don iska da rana su ratsa, ya sare duk reshen da ke taɓa ƙasa ko shinge, domin waɗannan su ne gadar kiyashi. Romaren ne ya ba shi wahala. Halinsa dabam ne, in aka yanke shi har zuwa tsohon icce inda ba ganye, ba ya cika sake tohowa. Babban nan kuwa, uwar sauran duka, wanda ya fito daga gwangwanin madara, tun daga gindi ya kamu, ga shi ruwa ya riga ya ɓata saiwarsa. Kwana uku yana zagaya shi. Ran na huɗu ya zaɓi ƴan rassa shida na bisa masu lafiya, ya yanke, ya wanke su ɗaya-ɗaya da ruwan sabulu, ya dasa cikin rairayi a can nesa. Sa'an nan ya tumɓuke uwar ya sa mata wuta. Waɗanda ke garka ran nan sun ce ƙanshin ya kai har bakin gulbi. Shi kuwa bai yi magana da kowa ba sai bayan la'asar.

Sauran romaren guda bakwai da suka kamu kaɗan, da hannu aka yi su. Shi da jikarsa suka zauna da tsohon buroshin haƙori da tsumma da kwanon ruwan sabulu, suna goge reshe bayan reshe. Aiki ne na haƙuri, amma ga ƙaramar shuka ba abin da ya fi shi.

Sai maganin mai. Ƙwaro ba ta baki yake numfashi ba, ta ƴan ƙofofi ne a jikinsa. In mai ya rufe shi, sai ya shaƙe, ɓawonsa bai hana. Ana samun awo huɗu na man gujiya, da awo ɗaya na sabulun ruwa, ko sabulun wanki da aka narkar da ruwan ɗumi har ya yi kauri. A zuba cikin kwalba a girgiza sai ya yi fari kamar nono. Daga wannan ake ɗibar babban cokali ɗaya a zuba cikin litir ɗaya na ruwa, watau cokali 10 ga bokitin litir 10. Kada a ƙara don neman sauri, man da ya yi yawa yana ƙone ganye. Garin wanki ma ba ya cikin wannan aiki, yana da kaifi. Dattijon ya fara gwadawa a reshe ɗaya, ya jira kwana biyu, da ya ga bai ƙone ba sa'an nan ya yi wa sauran. Da marece yake fesawa, bayan ya shayar da itatuwan kuma rana ta yi sanyi, yana girgiza pampon a kai a kai don kada man ya taso bisa. Yana juya ganye ya jiƙa ƙarƙashinsa, domin ƙwaron da man bai taɓa ba bai mutu ba. Iccen da ke fure ya bar shi sai furen ya zuba. Sau huɗu ya yi, kwana bakwai-bakwai a tsakani. Wannan maimaitawa ita ce mutane suka fi kasawa. Feshin farko yana kashe waɗanda ke waje, amma bayan ƴan kwanaki wasu ƴaƴan za su fito daga ƙarƙashin uwayen da suka tsira.

A jikin lemu ya haɗa da ruwan ƴaƴan bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro. Ana daka busassun ƴaƴan, a jiƙa giram 500 cikin litir 10 na ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a fesa da marece don rana tana kashe ƙarfinsa. Ya fi cin ƙananan, yana hana su girma. Bai sa wa romaren ba, don ɗacin bedi ba ya barin ganye da wuri, kuma ba mai son gasasshen nama mai ɗaci. Abin mamaki, bedin da ake maganin ƙwari da shi bai tsira ba shi ma. A tsakiyar shekarun 1980 wata koshini rawaya ta faɗa wa itatuwan bedi na yankin Tafkin Cadi, daga gabashin Nijar har Barno da Kamaru da Cadi, da yawa suka bushe a tsaye.

Kiyashi kuma ya yi masa tarko a gindi. Ya naɗa tsumma a jikin kowane lemu, kamu ɗaya daga ƙasa, ya ɗaure da igiya, ya shafa gires bisa tsumman. Ba a shafa shi a jikin ɓawon icce kai tsaye, yana ƙona shi. In ƙurar iska ta rufe gires ɗin sai ya sake shafawa. Ƙurar nan ta ɗari ma tana taimakon kaskar icce, domin ƴan ƙwarin da ke cin ta ba su iya aiki a ganye mai ƙura. Don haka ya riƙa wanke itatuwan da ruwa zalla lokaci-lokaci. Ya kuma rage takin ire da yake zuba wa lemun, saboda tohon da taki ya tura da sauri taushi gare shi, shi ƙwarin suka fi so.

Da aka bincika daga ina abin ya shigo, sai aka tuna da wani dashen lemu mai aure da ɗansa ya sayo a kasuwa damanar da ta wuce, aka dasa shi jikin shinge, taku biyu daga babban romaren. Shi ne ya fi kowane kamuwa. Tun bayan yunwar 1984, da hukuma ta tura jama'a noman rani, garake suka yawaita, dashe yana ta yawo daga gari zuwa gari bisa amalanke da mota. Alheri ne babba, amma ƙwaron da ba shi da ƙafa, da ƙafar mutane yake tafiya.

Lemun nan uku ba su ba da abin kirki ba a shekarar, kuma ɗan da suka yi sai da aka wanke masa baƙi kafin a kai kasuwa. Tara na gefen rijiya sun tsira. Ƙwarin ba su ƙare ƙaƙaf ba, har yanzu in an duba ana samun ɗaya nan ɗaya can, amma da yawansu da ƴar ƙofar zanzaro a bayansu. Saurayin nan ya fesa wa nasa piya-piya sau biyu. Da damana ta faɗi ya leƙo ta shinge ya ce: «Baba, cokali nawa ka ce ake sawa a bokiti?» Tsohon ya aiki jikarsa ta kai masa kwalbar, har da cokalin.

Cikin rassa shida da aka ceto daga uwar, huɗu sun kama. Yanzu a kusurwar garka ta yamma, nesa da lemu, akwai wani ɗan wuri da aka kewaye da kara. Duk dashen da ya shigo, ko saye ko kyauta, nan yake zama wata guda cikin tukunyarsa. Ranar Juma'a da safe yarinyar tana zuwa ta juya ganyensa ɗaya bayan ɗaya, ta kankara da farce, sa'an nan a ba shi rami.